Kwanon da Inna Ta Hana Ni Buɗewa

Magana biyu ake yi a unguwarmu kan zaman da ƙawata ta yi a gidanmu, kuma duk biyun ba daidai ba ne. Wasu na cewa girman kai ne ya hana ta cin abincinmu, wai Bafulatana ce, gara yunwa ta kashe ta da ta ci tuwon Kaɗo, wato Bahaushe. Wasu kuma, masu ganin suna bayana, cewa suke babana ne ya toshe mata maƙogwaro da baƙaƙen maganganu. Ba na jin haushinsu sosai. Ni da nake wuni da ita sai da na yi mako biyu cur ban gane ba, kuma a cikin mako biyun nan na kusa kai ta kabari da kulawa.

Babanta makiyayi ne. Tun kafin a haife ni, duk shekara in an gama yankan dawa yakan shigo da shanunsa gonarmu da ke hanyar Jabo, su ci kara su bar mana taki. Baba ya aika masa da gero, shi ya aiko mana da man shanu, ba mai tsayawa yarjejeniya. Da ta isa shiga sakandare ya ajiye ta wajen goggonta a cikin Tambuwal, muka faɗa aji ɗaya, benci ɗaya. Ina ce mata Fillo, tana ce mini Kaɗo. Ni ce mai baki, ita ce mai kai. Tana aji uku goggon ta rasu, aka mayar da ita ruga, ni na ƙarasa. Daga nan sai ranar kasuwa muke haɗuwa, in ta kawo nono.

Da kakar nan na yi kasuwa uku ban gan ta ba. A ta fuɗu na same ta can gefe, bayan masu itace, inda aka tura masu nono su zauna. Ƙwaryarta cike take har rana ta yi tsaka, don an baza wata murya a waya wai Fulani na zuba guba a nono. Na tsaya a kanta ban gane ta nan take ba. Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Ta buɗe baki za ta gaishe ni tari ya riga ta, ta toshe da gefen mayafi, na ga jan da ya fito.

"Fillo, mi as same ki?"

"Mura ce."

"Mura ke fidda jini? Tun yaushe?"

"Tun shuka."

Na ɗauki ƙwaryar na miƙa wa matar da ke kusa da ita, na kama hannunta. Tana cewa in bari sai wata kasuwa, ina jan ta.

A asibiti aka karɓi kakinta, aka ce mu dawo jibi. Da muka koma, malamar da ke kula da masu tari, wata gajeruwa mai tabarau, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce tarin fuka ne. Magani kyauta ne, amma wata shida ake sha, kullum da safe, ba fashi. In ta sha wata biyu ko uku ta ji ƙarfi ta bari, ciwon zai dawo, kuma in ya dawo ba lallai ya ji wannan maganin ba. Ta ɗauko wani kati mai ƙananan gidaje, kowace rana da gidanta. Dole a samu mutum guda da zai ga ta haɗiye da idonsa ya sa alama. Ta tambayi inda rugarsu take, ƙawata ta faɗa, malamar ta girgiza kai.

"To wa ke tsaya mata a cikin gari?"

"Ni," na ce. Na sa hannu kafin in tambayi kowa a gida.

Inna ba ta nan lokacin, tana Sanyinna wajen yayata da ta haihu. Baba kaɗai zan fuskanta, kuma na zaɓi mummunan lokaci. Yayana yana sayar da albasa a wata kasuwa a kudu. Kwanaki kaɗan kafin nan wasu samari suka watsar masa da kaya suna kiransa Fulani, mai kashe mutane, shi da ko gaisuwar Fillanci bai iya ba. Ana haramar babban zaɓe. A rediyo da waya, 'yan siyasar can suna cewa duk ɗan Arewa Fulani ne, a hana su mulki. Namu na nan kuma suna amsawa da cewa mu ba Fulani ba ne, mu ma su ke kashe mu. Kowa na neman ƙuri'a da sunan mutanen nan. Ba zan yi ƙarya ba, an sace mutane a hanyoyinmu, har da maƙwabcinmu mai gyaran keke, kuma waɗanda suka ɗauke shi Fillanci suke yi. Amma su ɗin ne suka kore rabin garken baban ƙawata bara, wannan kuwa ban taɓa jin wani ɗan takara ya ambata ba.

Baba ya saurare ni har na gama.

"Kin kawo ta kin gama, sannan kinka zo tambaya?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

"Na san ubanta. Ki share ɗakin ga na kusa da rumbu, shi ad da taga."

Shi ke nan abin da ya ce. Bai kore ta ba, bai kuma yi mata maraba ba. Abin da ban lura da shi ba, bayan ɗakin nan shi ne dakalin ƙofar gida, inda Baba da abokansa ke zama daga la'asar zuwa magariba. Tagar kuma a saman kansu take. Duk abin da aka faɗa a dakali, kamar a kunnenta aka faɗa.

"Duk wanda zai ci zaɓen ga, in bai kwashe su ba bai yi komi ba."

"Wa zai kwashe wa? Ai su ke riƙe da ƙasar."

"Malam, an ce kai ma ka aje guda cikin gida. Ko kiwo zaka farawa?"

A yi dariya. Baba ya ce maras lafiya ce, a bar wannan. Can kuma sai in ji muryarsa shi ma yana cewa su, su, su.

Magani ba ta taɓa yi mini gardama a kansa ba. Da asuba in ɓare, in miƙa mata da ruwa, ta haɗiye, in sa alama. Abinci ne ya gagara. Malamar asibiti ta ce a ba ta iska da abinci mai kyau, ni kuwa na ɗauki maganar da ƙarfi. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, inda kowa ke wucewa. Na dafa wake, na soya ƙwai, na yi tuwo da miyar kuka har da man shanu. In ajiye a gabanta in tsaya, hannu a ƙugu.

"Ci."

"Na ƙoshi, Kaɗo."

"Da mi kinka ƙoshi? Da iska?"

Sai ta gutsiri loma ta riƙe a hannu har ta huce. Matan maƙwabta masu zuwa dubiya su zauna can nesa suna taya ni, a ci mana, a daure. Baba ma in zai wuce sai ya ce, "Yarinya, a ci abinci." Yana faɗa sai ta ajiye lomar ta sunkuyar da kai. Ni kuma na ce na gane. Ga mutumin da ya gama zagin iyayenta jiya, yau yana ce mata ta ci tuwonsa. Na ƙara mata yawan abincin, na ƙara tsayuwa, na ƙara faɗa. Wata rana har na ɗebo da cokali na kai bakinta kamar jaririya, a gaban mata uku. Ta kawar da kai, hawaye na zuba.

Da mako biyu ya cika muka koma awo. Ta hau sikeli, malamar ta duba, ta sake dubawa, ta cire tabarau ta kalle ni. Ta ce ta ragu. Ta ce maganin nan ƙarfi gare shi, in ciki ba komai shi zai kayar da ita kafin tarin. "Ke kinka ce kin tsaya mata. Tsayuwar ke nan?"

Daga asibiti na kai ta ɗaki, na fito ƙofar gida. La'asar ce, dattawa shida a dakali. Ko sallama ban yi ba. Na ce, "Baba, ku kunka hana ta cin abinci. Kullum kuna nan bayan ɗakinta kuna zagin uwarta da ubanta, sannan ku ce ta ci. In ta mutu a gidan ga, ku sani da hannunku."

Ba wanda ya motsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Subhanallahi, ɗiyan zamani." Baba bai kalle ni ba. Ya naɗe buzunsa ya nufi masallaci, alhali an riga an yi salla. Kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Har yanzu ina tuna yadda ya sunkuya yana neman takalminsa a gaban abokansa.

Wani ya kai wa Inna labari, washegari da hantsi ta sauka daga babur. Ba ta fara da faɗa ba. Ta shiga ta gaishe da ƙawata, ta daɗe, ta fito ta kira ni madafa.

"Ina kika ba ta abincin?"

"Nan tsakar gida."

"Ke kina ina?"

"Gabanta mana."

"Tsaye?"

"Awo."

Inna ta riƙe haɓa. "An kai ki boko an baro hankalin a gida."

A Kebbe Inna ta tashi, da ruga a bayan gidansu. Ta ce ɗiyar Fulani da aka yi wa tarbiyya ba ta cin abinci ana kallonta, balle a gidan da take jin nauyin mai shi, balle shi da kansa ya ce mata ta ci. Ba ƙyama ba ce. Kunya ce da ake koya musu tun suna ƙanana, kada a ga kwaɗayinka, kada a ga yunwarka, kada a ga ciwonka. Ta ce duk ranar da na tsaya a kanta, ko Baba bai taɓa furta kalma ɗaya ba, haka za ta zauna da yunwa.

Ta dama kunu mai kauri, ta zuba dambu a kwano mai murfi. Ta ce in kai ɗaki in ajiye a bayan ƙofa kamar na manta da shi, in saki labule, in fito, in kori kowa daga wajen. "Kada ki ce mata ga abinci. Kada ki tambaye ta ta ci ko ba ta ci ba. In kin ɗauko kwanon kada ki buɗe. Kada ma ki jijjiga shi a hannu, na san halinki."

Na yi yadda ta ce. Awa guda ina zagaye a tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Da na ɗauko kwanon na wuce da shi bayan madafa na buɗe. Saura loma guda a gefe, an gyara ta tsaf. Na tsuguna a wurin na yi kuka. Inna ta leƙo ta ce, "Ba na ce kada ki buɗe ba?" Na ce ai na ɗauka a gabanta kike nufi. Ta ce Allah ya shirye ni.

Sai bayan kwanaki, da na ga ƙawata ta fara zama da kanta, na kasa haƙuri na tambaye ta. Na ce don me ba ta faɗa mini ba, ta bar ni ina haukan banza har na ci mutuncin ubana.

"In ce miki mi? Kaɗo, juya baya, yunwa nika ji?"

"Awo! Haka za ki ce!"

"Shekara uku muna benci guda. Kin taɓa ganin na ci ƙosai in an fita tara?"

Na tsaya tunani. Kullum in ta saya ni take miƙa wa, ni kuma in cinye in ce Fillo akwai kyauta. Shekara uku ina cin ƙosanta ban taɓa tambayar kaina ba. Ni da ke shiga faɗa a kanta in wani ya ce Fulani kaza, ban san yadda take cin abinci ba.

Na ce to maganar dakali fa, ba ta jin su?

"Ina jinsu. Wannan ai a kasuwa ma ana faɗi, a mota ma ana faɗi. Ba shi hana ni ci." Ta kama bakin tabarma tana wasa da shi. "Tarin dai nika riƙewa har su tashi. Kada su tuna ina nan."

Daga la'asar har magariba, mai tarin fuka, tana danne tari da filo. Na miƙe zan sake fita ƙofar gida, Inna da ke bakin ƙofa ta kama zanena ta ce in na ƙara taku ɗaya ba ita ta haife ni ba. Ban san abin da ta faɗa wa Baba ba, ban kuma san yaushe ba. Na dai ga washegari ya shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, ya ce wa abokansa dakalin ya tsage. Dakalin lafiyarsa lau. Hirarsu ba ta canza ba ko kaɗan, ya dai matsar da ita inda ba za ta ji ba. A lokacin na raina abin. Yanzu ban sani ba.

Daga nan ta fara dawowa. Gwajin wata biyu ya fito da kyau. Kumatunta suka ciko, ta fara yi wa Inna kitso, tana gyara mini lissafin awon gero in na yi kuskure, tana tsokanata wai miyata gishiri ne da ruwa. Gidajen katin suna cika layi bayan layi. A waje kuwa abin ƙara zafi yake. Bana shanun babanta ba su shiga gonarmu ba. Baba bai aika ba, shi ma bai tambaya ba, kara ya bushe a tsaye. Motocin kamfe na yawo da lasifika, kowane ɗan takara na rantsuwa shi zai gama da su. 'Yan sa-kai suka hana Fulani shiga kasuwa. Aka tare wasu makiyaya biyu a hanyar Dogon Daji aka yi musu dukan da ɗaya bai tashi ba. Mai unguwa ya zo wajen Baba sau biyu, wai mutane na cewa yarinyar nan tana kai rahoto daji. Ita da ko waya ba ta da. Baba ya ce masa amana ce, ba inda za ta. Na ji daɗi, sai ya ƙara da cewa, "Ita daban ce." Da wa ta bambanta? Da uwarta?

Ta cika wata fuɗu da 'yan kwanaki babanta ya zo. Da hantsi ya iso, a ƙafa, ta bayan gari, ba sanda a hannunsa don kada a ce makami ne. Suka zauna da Baba a zaure, ina bayan ƙofa ina ji. Ina gajiya, ina sanyi, ina iyali, ina dabbobi, suka yi ta juyawa. Ba wanda ya ambaci gona, ba wanda ya ambaci kasuwa ko zaɓe. Can ƙarshe babanta ya ce za su matsa gaba da Kebbe, ya zo ya tafi da yarinya, Allah ya saka da alheri.

Baba ya ce, "Ba ta gama magani ba."

Babanta ya ce, "Na ji an ce ta samu sauƙi. Ba ni son ranar ƙuri'a ta same ta cikin gari."

Baba bai ja da shi ba. Ni ma ban ga laifin mutumin ba. Na ruga ɗaki na same ta tana ɗaure kayanta a zane.

"Ki gaya mishi saura wata biyu!"

"Ba ni iya ce ma Baffa a'a."

"Kin ji abin da malama ta ce. In kinka bari, dawowa zai yi."

"Na ji."

"To je ki mutu!"

Haka na ce mata, a ranar da za mu rabu. Ta ɗago ta kalle ni, ta ce, "Kaɗo, bakin ga naki dai." Ta karɓi sauran maganin, na kwana tara, ta cusa a ƙullin zane. Inna ta raka su har bayan gari. Ni ban fita ba.

Yau kwana biyu ke nan. Jiya na je wajen malamar asibiti da katin. Ta ce ba ta ba kowa maganin sai wanda ya sa hannu, kuma na mako biyu-biyu take bayarwa. Na san ƙawata yanzu, ko da a makare. In na kwana taran nan ya ƙare ba za ta ce wa kowa ya ƙare ba. In tarin ya dawo za ta danne shi har ya fi ƙarfinta, kuma ba mai iya kawo ta Tambuwal a wannan yanayi.

Yayan Inna yana Kebbe da iyalinsa. Na ce ta aika masa ina zuwa. Matan ruga har yanzu suna kai nono gefen garin, a wajensu zan ji inda suka sauka. Kullum da safe zan hau babur in kai mata, in ga ta haɗiye, in dawo, duk mako biyu kuma in zo nan in karɓi wani. Matar wani kawuna da ke nan Tambuwal ta ce mutanen daji za su ɗauke ni. Wata maƙwabciya ta ce in ba su ɗauke ni ba, 'yan sa-kai za su ce ni ce mai kai rahoton. Kowace a cikinsu tana iya yin gaskiya, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai tambayi Inna ko direban motar Kebbe sananne ne.

Jibi da safe zan tafi, kuma ba zan dawo gida da zama ba sai ta haɗiye ƙwayar ƙarshe.